Bikili, Ɗan Goɗiyar Holan

Mahfuza Ɗalhatu ta zo Dubai a farkon shekarar 2021, da takardar likitan dabbobi daga Zariya da akwati guda. Aikin da ta samu a wata gonar dawaki ne a Al Khawaneej, can bayan gari inda dogayen benaye suke ƙarewa, dabino da rairayi su karɓa. Gonar ta wata dattijuwa ce 'yar ƙasar, Umm Khalifa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata barga cike da dawaki, ita kuma ta ƙi sayarwa. Ranar hutu Mahfuza takan shigo Deira, ta kwana a fulat ɗin da suke haya da wasu mata a Al Muraqqabat, ta ci tuwo a wurin kawunta Salmanu, ƙanin mahaifiyarta, mai harkar kago, wato aika kaya ƙasashen waje, a Al Ras.

Dawakin Umm Khalifa ba na tsere ba ne. Irin na Turai ne da ake kiwo don gasar tsallake shinge, manya masu dogayen ƙafafu. Turawa suna ce musu masu ɗumin jini, don an haɗa jinin dokin sukuwa mai zafin kai da na dokin noma mai sanyin hali. A cikinsu akwai wata goɗiya da aka kawo daga Holan, ana ce mata Fenna, wadda ta yi shekaru tana gasa kafin jijiyar ƙafarta ta samu matsala. Ɗan wannan goɗiya Umm Khalifa take son gani.

Ba a kai Fenna baye ba. Ingarman da aka zaɓa mata yana Jamus, maniyyinsa aka aiko a daskare cikin wata tukunyar ƙarfe mai fitar da tururin sanyi. Mahfuza ce take duba goɗiyar da na'urar hoto, ta gane lokacin da ya dace, ta saka. Na farko bai kama ba, na biyu ma haka. A karo na uku ne ta ga ɗan baƙin ɗigo a fuskar na'urar, ta tsaya tana kallonsa har Fenna ta gaji ta fara buga ƙafa.

Da yamma ta kira mahaifinta a Kaduna ta ba shi labari. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Uwata, yanzu doki yana Jamus, goɗiya tana Dubai, kuma ciki ya shiga?"

"Ya shiga, Baba."

"To, Allah Ya kyauta. Mu a zamaninmu sai sun gaisa tukuna."

Uwata yake ce mata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Malam Ɗalhatu ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a bargar dawakin ƙwallon doki a Kaduna, yana wanke su, yana kai su kilisa, yana kwana kusa da wanda ciki ya murɗa. A bayansa Mahfuza ta fara sanin warin barga, tana riƙe da gefen rigarsa. Sai dai duk dawakin da suka bi ta hannunsa da girmansu suka zo, wasu daga Chadi, wasu daga Sudan, wasu a jirgi daga Ajantina, kowanne da halin da wani ya riga ya koya masa. Bai taɓa rainon doki tun daga ranar da ya faɗo ba. Yakan faɗi haka ba da ƙorafi ba, kamar mutumin da ke ambaton garin da bai samu zuwa ba.

Fenna ta haihu a watan Fabrairu na shekarar da ta biyo baya, da sassafe, ana ɗan sanyi. Duƙushi ne namiji, ja mai baƙar geza, ƙafafunsa huɗu farare. Umm Khalifa ta sa masa suna Sarab, shi aka rubuta a takarda. Amma da Mahfuza ta juya masa kyamarar waya, yana ta faman tashi yana faɗuwa a cikin ciyawa, Malam Ɗalhatu ya matso da fuskarsa har sai goshinsa da hularsa kawai take gani.

"Wannan ai bikili ne," in ji shi. "Ɗan matsa da wayar in ga ƙafar gaban nan."

Bikili shi ne sunan da masu dawaki ke kiran jan doki mai irin wannan launi, kuma tsakanin su biyu, sunan da ya zauna ke nan.

Ƙafar gaban ta dama ta zo a ɗan lanƙwashe, kofaton ba ya zama daidai a ƙasa. Mahfuza ta ɗaure ta, tana kwancewa tana sake ɗaurewa, har ta miƙe cikin 'yan makonni. Daga nan zafi ya shigo, irin zafin Dubai da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Dawakai suna wuni a bargar da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki, sai bayan asuba a sake su su motsa. A wannan ɗan lokacin take kiran Kaduna. Malam Ɗalhatu yakan tashi tun kafin kiran sallar fari, saboda bambancin lokaci, ya zauna a tabarmarsa da wayar a hannu yana jira. Takan jingine wayar a kan shinge ta ci gaba da aikinta, shi kuma yana kallo yana magana, rabi da ita rabi da dokin.

"Kar ki bari ya saba cin abu a tafin hannunki, zai koyi cizo."

"Na sani, Baba."

"Na san kin sani. Bakina ne yake ƙaiƙayi."

Da aka yaye shi, Bikili ya yi kwanaki yana haniniya har muryarsa ta dushe, uwar tana amsa masa daga wancan ɓangaren gona. Malam Ɗalhatu ya ji ta waya, ya ce ta kashe, ba zai iya saurare ba. Ba a jima ba ya sake kira ya tambaya ko ya ci abinci. Mahfuza ta haɗa duƙushin da wani tsohon dandaƙaƙƙen doki mai haƙuri, wanda yake barinsa ya yi wasansa, in ya wuce gona da iri ya ɗan gantsara masa cizo a wuya. A wurinsa Bikili ya koyi ladabin zama da dawaki.

Tun dokin yana wata uku Malam Ɗalhatu ya yi fasfo. Shirin shi ne ya zo idan zafi ya sauka, ya sauka wurin Salmanu, ya yi wata guda. Ya ce ba ya son ganin dogon bene ko kasuwar zinare, a kai shi barga kawai a ba shi buroshi. Kafin zafin ya sauka aka dakatar da ba 'yan Najeriya bizar shiga ƙasar. Salmanu, wanda ya san kowane ejan biza a Deira, ya ce abin na 'yan makonni ne.

"Shuwayya shuwayya, sannu a hankali, 'yata. Waɗannan mutanen ba sa iya zama ba mu. Kafin azumi an buɗe, inshallah."

Azumi ya zo ya wuce, wani ma ya zo.

Mahfuza ta je gida hutu sau ɗaya a tsakanin, ta biyo ta Addis Ababa. A nan ta lura mahaifinta yana lalubar butarsa da hannu kafin ya ɗauka, kuma yana gane mutane da murya kafin su iso gabansa. Ta kai shi asibiti. Aka ce yana ce ta rufe ido ɗaya, ɗayan kuma hawan jinin ido ya riga ya ci rabinsa. Ya ƙi yarda a taɓa shi. Wani abokinsa an yi masa aiki bai dace ba, tun daga nan ya tsorata.

"In na je can sai a yi," ya ce. "Ki bar ni da ɗan wanda ya rage in ga dokin nan da shi."

Da ta dawo, hirarsu ta waya da asuba ta canza. Har yanzu tana jingine wayar a shinge, amma tambayoyinsa sun zama na wanda ba ya gani sosai. Kafaɗarsa ta kai ina a jikinki yanzu? Gezar ta kwanta dama ko hagu? Takan amsa tana goge dokin, wani lokaci ta yi shiru ta kifa goshinta a wuyan Bikili, har sai mahaifin ya ce, "Uwata, kina nan?"

Da Bikili ya cika shekara biyu, wuyansa ya yi kauri, ya fara jin ƙamshin goɗiyoyi. Yakan tsaya a kan ƙafafun baya idan an zo wucewa da shi ta gaban bargarsu. Wata rana ya finciki ragama ya ja mai riƙe da shi a ƙasa. Umm Khalifa ta kira Mahfuza ƙarƙashin rumfar da take shan gahawa.

"Daktora, ina ganin a dandaƙe shi. Zai huce, ya zauna a nan, jikata ta hau shi in ta girma. Ingarma wahala ne, kuma ni na tsufa."

Maganar tana da hujja, Mahfuza ta sani. Yawancin mazan dawakin gasa haka ake yi musu, kaɗan ne ake bari su yi iri. Ta ce a ba ta lokaci ta ɗauki hoton ƙasusuwansa, a kuma gwada shi a shinge ba mahayi, sannan a yanke shawara. Da ta gaya wa mahaifinta, muryarsa ta tashi, abin da ba ta saba ji ba.

"Kar ku yi masa haka. Ki roƙe ta. Dokin da ya zo duniya ta wannan doguwar hanya, a ce a kansa za ta ƙare?"

Hoton ƙasusuwan ya fito lafiya, har ƙafar da aka haife shi da ita a lanƙwashe. Aka shirya wata siririyar hanya a filin horo, aka jera sanduna a ƙarshenta, aka sake shi. Karon farko ya zo da gudu ya ci birki, ya sunsuni sandar, ya yi tsaki da hanci. Karo na biyu ya tsallake kamar da wasa. Aka ɗaga sandar, aka sake ɗagawa. Yana isowa sai ya rage sauri da kansa, ya tattara jikinsa, ya tashi, gwiwoyinsa a naɗe har kusa da haɓa, bayansa ya lanƙwasa, ya sauka ba ƙara. Ma'aikatan barga suka bar aikinsu suka taru a bakin shinge. Umm Khalifa, wadda ba ta cika tashi daga kujerarta ba, ta miƙe tsaye tana riƙe da sandarta.

"Khalas, shi ke nan," ta ce. "Ba za a taɓa shi ba."

Mahfuza ta yi murna ranar, ta aika wa Kaduna bidiyon, ƙannenta suka yi ta kunna wa tsohon suna ba shi labarin abin da ke ciki. Bayan mako guda Umm Khalifa ta ƙarasa maganar. Ingarman da za a yi iri da shi sai alƙalan dawaki na ƙasar uwarsa sun gan shi sun amince, kuma goɗiyoyin jinsinsa suna can, ba a nan ba. Idan kaka ta yi za a sa shi a jirgi zuwa Holan. In ya ci, can zai zauna.

Mahfuza ta ce, "Haka ya kamata, Umm Khalifa." Ta koma ɗakin magani ta rufe ƙofa, ta daɗe tana jera kwalaben da suke a jere. Da ta bari an dandaƙe shi, da ya tsufa a gabanta. Ba ta gaya wa mahaifinta ba sai bayan kwana biyu. Ya tambaye ta wane wata ne tafiyar.

A tsakiyar wannan shekarar, 2024, aka buɗe biza. Salmanu ya shiga ya fita, takardu suka yi ta kai da kawo, aka nemi wannan aka nemi wancan. Mahfuza tana duban kalanda tana duban waya. Dokin da zai shiga Turai sai an killace shi na wasu makonni kafin tafiya, a keɓe shi daga sauran dawaki da mutane, a ɗebi jininsa a gwada. A ƙarshen gonar akwai wata ƙaramar barga da aka tanada don haka, da fili a gabanta, da shinge biyu, tsakaninsu tazara mai yawa. Ba mai shiga sai ita da mai ba shi abinci, su ma sai sun canza kaya sun tsoma takalma a ruwan magani. In baƙo ya shiga, an koma farko, jirgi ya wuce, ganin alƙalai na bana ya wuce.

Bizar Malam Ɗalhatu ta fito bayan an rufe Bikili a ciki.

Salmanu ne ya kawo shi gonar da la'asar, washegarin saukarsa. Malam Ɗalhatu ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, ya fito daga mota yana dafe da kafaɗar ƙanin matarsa. Mahfuza ta durƙusa ta gaishe shi, ya laluba ya dafa kanta. Sai ya ɗaga hanci ya shaƙi iska.

"Barga dai barga ce ko'ina," ya ce.

Umm Khalifa ta aiko da gahawa da dabino, ta ce a gaya wa baban Daktora gidansa ne. Suka taka a hankali har bakin shingen waje. A nan Malam Ɗalhatu ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙulli a hankici. Jar kanwa ce, ya taho da ita daga Kaduna.

"Ko ɗan lasa ne ya yi."

"Baba, ba a shigar da komai daga waje."

"Na yi zaton haka," ya ce, ya mayar aljihu.

Salmanu ya duba hagu ya duba dama. "Haba, likita. Minti ɗaya fa. Ya shiga ya shafa shi ya fito, wa zai sani? Mutum ya taso tun daga Kaduna."

Mahfuza ta dubi ƙofar shingen. Makullin yana aljihun rigarta, tana jin nauyinsa. Ta san mahaifinta bai kusanci wani doki ba shekara da shekaru, ta san da wuya ya ɗauko wata cuta. Ta kuma san ita ce za ta sa hannu ta shaida cewa ba wanda ya shiga.

"Salmanu, ƙyale ta," in ji tsohon. "Aikinta ne. Shiga ki sako mini shi, Uwata."

Ta shiga ta canza kaya, ta buɗe wa Bikili ƙofa. Ya fito da wuyansa a tanƙware, ya zaga filin da sassarfa, sannan ya ɓarke da sukuwa, rairayi na tashi a bayansa. Daga inda take tana hango mahaifinta ya kama shingen da hannu biyu, ya karkatar da kai gefe yana neman dokin da gefen idon da ya rage. Ya ɗaga murya ya faɗi wani abu, iska ta kwashe. Sai ta ga ya juya wurin Salmanu, ba a jima ba wayarta ta yi ƙara.

"Ina ganin wani jan abu yana wucewa," ya ce a cikin wayar. "Shi ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ƙafafun ba na ganinsu. Amma ina jin su. Yana da nauyi, kuma ba ya dukan ƙasa." Ya ƙara kasa kunne. "Ya fi yadda nake zato girma."

Ya sauke wayar daga kunnensa, ya kaɗa harshe, irin kiran da yake yi wa dawaki tun tana yarinya, ya bi shi da siririn fito. Bikili ya tsaya cak. Ya juya kunnuwa, ya taho a hankali har bakin shingen ciki, ya miƙa wuya ta samansa yana hura hanci wajen farar rigar da ke can nesa. Tsohon ya miƙa hannunsa ta tsakanin sanduna, tafin a buɗe, duk da ko sanda mai tsawo ba za ta haɗa su ba. Yana magana ƙasa-ƙasa, Mahfuza ba ta jin abin da yake cewa. Suka ɗan jima a haka. Sai ƙuda ya dami dokin, ya girgiza kai, ya juya ya tafi wurin ciyawarsa.

Malam Ɗalhatu bai janye hannun nan da nan ba. Da ta fito ta same shi zaune a kan wani bokiti da aka kifa, Salmanu ya koma mota. Ta zauna a ƙasa kusa da shi har aka kira magariba a masallacin gonar da ke maƙwabtaka da su.

Ya sake zuwa sau da yawa kafin ranar tafiya, kullum a bakin shingen nan. Ranar da motar dawaki ta zo ɗaukar Bikili zuwa filin jirgi, tsohon yana kwance a ɗakin Salmanu da bandeji a ido, an cire masa yanar. Idon ya buɗe daidai gwargwado. Ya ga fuskar 'yarsa, ya ce ta rame. Ya ga jiragen ruwan katako a bakin kogin Deira ana loda musu kaya, ya ce a kai shi ya tsallaka a ƙaramin kwalekwale, aka kai shi. Ta kai shi gonar ma, ya shafa Fenna, ya goge ta da buroshi tun daga wuya har gindin wutsiya, ya daɗe a kan aikin. Bayan haka ya koma Kaduna.

Bikili ya wuce ganin alƙalai na farko, ya wuce na biyu. Na ƙarshe ya faɗo a watan Fabrairu. Umm Khalifa ta ce Mahfuza ta shirya su tafi tare, amma goɗiyoyi biyu suna gab da haihuwa, ba wanda za a bar wa su. A waya ta kalla, ranar hutunta, a wani ɗan shagon shayi a Al Muraqqabat, da abin ji a kunne, motoci suna ta wucewa a waje.

Da ƙyar ta gane shi da farko. An aske masa gashin jiki, an kitse gezar ƙulli-ƙulli, fitilun zauren sun sa jansa ya yi duhu. Wata Baturiya ce mai gajeren gashi take riƙe da shi, tana gudu a gefensa. Da suka tsaya a gaban alƙalai, jama'a suna tafi, Bikili ya ɗan firgita, sai ya sunkuyar da kai ya goga goshinsa a kafaɗar matar. Ita kuma ta sosa masa ƙasan geza ba tare da ta duba ba, kamar wadda ta daɗe da sanin wurin. Mahfuza ta ajiye kofin shayinta. Mai sanarwa ya faɗi sunan Sarab a cikin waɗanda aka amince su yi iri, ta ji da kyau, amma idonta yana kan hannun matar.

Ta kira Kaduna. Ƙaninta ya ɗauka ya miƙa wa tsohon.

"Ya ci, Baba. Sun karɓe shi."

"Alhamdu lillahi." Ta ji yana gyara zama. "Ya rame?"

"A'a. Ya ma ƙara cika."

"Sanyin fa? Shi da bai san sanyi ba."

"Suna rufa masa bargo. Akwai wata mata da take kula da shi, da alama ya saba da ita."

"To, madalla," ya ce. "Hannunta yana da kyau?"

"Yana da kyau, Baba."

Suka yi sallama. Ta zauna har shayin ya huce, ana ta shigo da wasu dawakai cikin zauren ana fita da su. Mai shagon ya zo ya tambaya ko a ƙaro mata, ta ce a'a. Ta cire abin jin daga kunnenta, ta ɗauki jakarta ta nufi tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga, don ɗaya daga cikin goɗiyoyin nan tun safe nononta ya fara ɗiga.